Rajistar waya ba makulli ba ce

A Salaga, da Yendi, da Bawku, mai shago ko maigidan da ya sayi na'urar Wi-Fi ya saka mata layin MTN ko Telecel yakan sha shawara iri ɗaya daga wanda ya haɗa masa ita: a kawo wayoyin gida a yi musu rajista da lambarsu ta MAC, wadda ba ta cikin jerin ba za ta hau ba. Alhaji ya biya kuɗin aiki, hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa ina ganin kwanciyar hankalin banza aka sayar masa.

Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 12 ba sirri ba ce. Duk lokacin da waya ke magana da na'urar, a fili take aika ta cikin iska, ko da an saka kalmar sirri. Yaro mai kwamfuta da manhajar kyauta zai zauna a bencin mai shayi, ya kwafe lambar MAC ta wayar uwargida, ya laƙa wa tasa, ya shige muddin ya san kalmar sirri ko ya cinke ta. Tamkar maigadi ne da ke buɗe wa duk wanda ya ambaci suna daga takardarsa, alhali ana kiran sunayen da ƙarfi a bakin titi.

Masu gaskiya ne ma ke shan wahalar tsarin. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙirar lambar bogi ga kowace Wi-Fi don kada a riƙa bin sawun masu su. Idan lambar ta sauya, ɗan gida ya tsaya a waje, sai a ce masa ya kashe wannan kariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakacin da rajistar ke haifarwa. Saboda an dogara da ita, sai a bar kalmar sirri 12345678, shafin sarrafa na'urar kuma yana nan da "admin" ɗin da ya zo da shi daga kamfani, a shagon da ake hada-hadar kuɗi ta MoMo daga safe har dare.

Na yarda rajistar tana da amfani wajen katse wayar yaro da daddare. Amma mai son tsare datarsa ya kunna kariyar WPA2 ko WPA3, ya tsawaita kalmar sirri, ya kashe tsarin haɗawa na WPS da aka gano rauninsa tun 2011, ya ware wa kwastomomi layin baƙi daban.