Sharhi: Me ya sa 'yan kasuwar Gwaram da Birnin Kudu ke buƙatar shafin kansu?

A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan sa'o'i shida. A shekarar ce kuma gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter har tsawon wata bakwai. Darasin a fili yake ga dillalin hatsi a kasuwar Sara da ke Gwaram, da telan Birnin Kudu mai tallata ɗinkinsa ta waya: kayan aro ba ya rufe katara.

Manhajojin sarrafa shafin intanet, irin su WordPress wadda ake samu kyauta tun 2003, na ba ɗan kasuwa damar mallakar rumfarsa. Da wayarsa zai sauya farashin buhu ko ya ɗora sabon hoto, ba sai ya jira masanin kwamfuta daga Dutse ba.

Sai dai akwai kuɗin ajiye shafin duk shekara, ga tsadar data tun bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Don haka ma'aunin nasarar shirin 3MTT na gwamnatin tarayya a Jigawa ba yawan takardun shaida ba ne, yawan shagunan da matasan suka buɗe wa shafi ne.