RA'AYINMU: Hoton Aure Amana Ne A Hannun Aboki



Da zarar kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, sai sanarwar aure ta fara yawa a majami'unmu. Muna gode wa Allah domin wannan, gama aure shirinsa ne tun farko. A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani mutum wanda ba a karanta sunansa a sanarwa, ba ya kuma cikin takardar tsarin sujada, amma da wuya a ɗaura aure ba ya wurin. Shi ne abokin nan da ango ko amarya suka ce masa, “Don Allah kai ne za ka ɗauka mana hoto.”

Waɗanda suka yi aure kafin shekara ta 2000 za su tuna yadda abin yake a da. Mai hoto ɗaya ne, sau da yawa daga gari ake ɗauko shi, fim ɗinsa kuwa hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Saboda haka ba ya latsa kyamara sai ya tabbata. Bayan biki a jira ya kai a wanke, sa'an nan a zuba a albam a ajiye a ɗaki, baƙon da aka yarda da shi kaɗai ake miƙa wa. Wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, Facebook ya fito a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Yau saurayi ɗaya zai iya ɗaukar hoto ɗari kafin 'yan kwaya su gama waƙar farko, ya kuma aika da su Legas ko Ingila tun amarya ba ta fita daga majami'a ba. Kayan aiki sun sake, amma har yanzu ba mu zauna mun koya wa 'ya'yanmu yadda za su riƙe su ba.

Bari mu fara da yabo. Ikkilisiyoyinmu da yawa ƙanana ne, suna ƙauyuka ko unguwannin bayan gari, iyalai kuma sun riga sun sha nauyin sadaki da kayan ɗaki da abincin baƙi. Kuɗin ƙwararren mai hoto ya fi ƙarfin mutane da dama. Aboki kuwa ya san wace ce kakar amarya, ya san kawun da ya ɗauki ɗawainiyar karatun ango, abin da baƙon mai hoto ba zai taɓa sani ba. Wanda ya ba da yininsa domin wannan aiki hidima ya yi, daidai da matan zumunta da suka kwana a bakin murhu. Amma kowace hidima tana da ƙa'idarta. A Bisharar Yohanna sura 3, Yohanna Mai Baftisma ya kwatanta kansa da abokin ango, wanda murnarsa ita ce ya tsaya a gefe ya ji muryar ango. Ya san ranar ba tasa ba ce. Duk mai riƙe kyamara a auren abokinsa ya kamata ya ɗauki wannan hali, ya tuna cewa abin da ke cikin wayarsa na waɗansu ne, ajiya aka ba shi.

Wuri na farko da ake gwada wannan amana shi ne wajen neman aure. Wata al'ada ta shigo mana ta finafinai da intanet: saurayi ya shirya wuri, ya gayyaci budurwa ba ta san dalili ba, ya durƙusa ya fito da zobe, abokinsa kuma yana laɓe yana ɗauka. Kafin yamma hoton ya zaga gari. Ba mu ce zunubi ne saurayi ya nuna wa wadda yake so farin cikinsa ba. Amma a al'adunmu, ko Hausawa ne, ko Bura, ko Tangale, ko Angas, neman aure magana ce ta gida biyu. Manya ne suke zuwa gaisuwa, a tambayi yarinya, a bincika asali da hali, kafin a sa rana. Ku duba halin uban da zai ji labarin 'yarsa daga bakin maƙwabci a kasuwa, alhali ba wanda ya taɓa zuwa ya yi masa sallama a kan maganar. Ku duba kuma ita yarinyar. Da mutane a kewaye da kyamara a fuskarta, kunya kaɗai ta isa ta sa ta karɓi zoben da zuciyarta ba ta gama amincewa da shi ba.

Akwai kuma abin da matasa ba su cika tunawa ba. Ba kowane neman aure ne yake kaiwa ga ɗaurin aure ba, wani lokaci kuma fasawar ita ce hikima. Ikkilisiyoyi da yawa suna bukatar gwajin jini kafin a ɗaura aure. Idan saurayi da budurwa dukansu AS ne, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar haihuwar yaro mai ciwon sikila. Waɗansu sukan ji wannan sakamako su rabu da hawaye, ba tare da laifin kowa ba. In maganar tana tsakanin gida biyu da Fasto, sai a rufe ta cikin mutunci. In kuwa hoton zobe ya riga ya shiga wayoyin jama'a, to, an bar yarinya da amsa tambayoyi, kuma mun san a cikinmu mace ce take ɗaukar wannan tabo fiye da namiji. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ya fi ta, gama ko ka goge naka, ba za ka iya goge wanda ke wayar wani ba. Saboda haka abokin kirki, kafin ya yarda ya laɓe da kyamara, zai tambayi saurayin, “Iyayenta sun sani? Fasto ya sani?” In ya ɗauka kuma, ya miƙa wa masu shi, kada ya tura wa kowa.

Wuri na biyu shi ne cikin majami'a. Dukanmu mun ga abin da yake faruwa in an zo karɓar alkawari. Matasa su taso su kewaye ango da amarya da wayoyi a sama, har uwar da ta haifi yarinyar ba ta ganin komai sai bayan mutane. Wani ya hau kan bagade, wani ya haska wa Fasto fitila a ido yana tsakiyar addu'a, wani ma har ya ce a sake sa zoben domin bai samu ɗauka ba. 'Yan'uwa, ɗaurin aure sujada ce. Ana yin alkawarin a gaban Allah, jama'ar da suka taru kuwa shaidu ne. Ko hukuma ta san nauyin wannan. Dokar Aure ta Nijeriya, wadda asalinta tun 1914 ne, ta ce auren da za a ɗaura a ƙarƙashinta a majami'a sai a majami'ar da ke da lasisi, da ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa. Shaida kuwa da idonsa da kunnensa yake shaida. Wanda hankalinsa yake kan gilashin waya bai ji abin da aka yi alkawari a kai ba, balle ya tuna wa ma'auratan ranar da wuya ta zo.

A nan ma za mu ƙara tuni ɗaya. Hoto, komai kyansa, ba ya maye gurbin takardar shaidar aure. Ranar da gwauruwa za ta nemi haƙƙin mijinta a banki ko a ofishin fansho, takarda za a tambaye ta. Aboki mai lura zai tabbatar ya ɗauki lokacin sa hannu, ya ɗauki ita takardar kanta yadda rubutun zai karantu, ya ba ma'auratan su ajiye. In gobara ko gudun hijira ta ci takardar, wannan hoton zai taimaka wajen neman wata.

Wuri na uku ya shafe mu fiye da manyan ikkilisiyoyin birni, domin mu tsiraru ne a inda muke zaune. A cikin taronmu akan sami sabon mai bi wanda danginsa ba su riga sun san yana zuwa majami'a ba. Hoto ɗaya a Facebook zai iya raba shi da gida ko da aiki, ko ya jefa ransa cikin hatsari. Akwai kuma maƙwabtanmu da danginmu Musulmi waɗanda sukan zo taya mu murna saboda zumunci. Waɗansu matan a cikinsu ba sa so hotonsu ya fita waje, mazajensu ma ba sa so. In muka watsa fuskokinsu ba da izininsu ba, gobe ba za su zo ba, mu kuma mun rushe zumuncin da iyayenmu suka daɗe suna ginawa. Mai ɗaukar hoto ya dubi kowace fuska kafin ya tura, ya tambayi kansa ko mai ita zai yarda.

Haka kuma bidiyon liƙi a wurin liyafa. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyu. A 2024 kotu a Legas ta hukunta waɗansu sanannun mutane a kan wannan laifi, kuma bidiyon da aka sa a intanet ne ya tona su. Ban da hukuma, a yankunan da masu garkuwa da mutane suka addaba, irin wannan bidiyo yana nuna wa mugu wanda yake da kuɗi da kuma gidan da aka kai kaya. Ya kamata mu sani kuma cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauka masa hoto domin amfanin gidansa ikon hana a watsa shi ga jama'a, sai dai in an yi wata yarjejeniya dabam. Abin da ladabi ya koya mana tun da, yanzu doka ma ta faɗe shi.

Sai maganar ajiya, inda abota da yawa ta lalace. An gama biki, wata uku, wata shida, amarya tana tambaya, aboki yana cewa gobe. Daga baya a ji an sace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko memori ya lalace. Ranar aure kuwa ba a maimaita ta, kakar da ta zo daga ƙauye da sandarta wataƙila hotonta na ƙarshe ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karɓi aikin ya cika caji tun daren jajibiri, ya tanadi wuri a wayarsa, ya je majami'ar tun da wuri ya ga inda haske yake shigowa, domin in taga tana bayan ma'aurata fuskokinsu duhu za su yi. A daren bikin ya kwafe hotunan a wuri biyu, ko kwamfuta ko filas. Ya sani cewa WhatsApp yana rage ingancin hoto in an tura shi yadda aka saba, gara a tura shi a matsayin fayil. Sa'an nan a zaɓi ko da ashirin ne a kai a wanke. Albam ɗin iyayenmu yana nan har yau, amma wayoyi nawa muka sake a cikin shekara goma?

Ango da amarya, ku ma akwai naku. Abokin nan yakan tsaya da ƙafafunsa tun safe har faɗuwar rana, sau da yawa abinci ya ƙare bai ci ba, a cikin hotuna ɗari uku kuma babu fuskarsa ko ɗaya. Kada ku ce ai namu ne. Ku biya masa kuɗin mota da na data da na wankin hoto, ku ajiye masa abincinsa, ku kuma tuna yaba kyauta tukuici. Ku zauna da shi tun da sauran mako biyu, ku rubuta masa sunayen waɗanda ba ku so a manta da su, ku yarda a kan ranar da zai kawo aikin. Shi kuma in ya san bai iya ba, ya faɗi gaskiya tun da wuri. In hoto bai fito yadda kuke so ba, ku tuna ba sana'arsa ba ce, ƙauna ce ta sa ya karɓa.

A ƙarshe muna roƙon fastoci da majalisun dattawa su ɗauki wannan magana a zamansu na gaba. Muna ba da shawara a sa batun hoto cikin koyarwar da ake yi wa masu shirin aure. A kowane ɗaurin aure iyali su ba da sunan mutum ɗaya ko biyu waɗanda za su ɗauki hoto, a nuna musu inda za su tsaya, a kuma sanar tun farkon sujada cewa sauran jama'a su ajiye wayoyinsu har a sa albarka. Bayan an tashi, Fasto ya ba da minti goma sha biyar domin duk mai so ya ɗauka. A keɓe layin kujeru domin waɗanda ba sa so a ɗauke su, ba tare da an tambaye su dalili ba. Shugabannin matasa kuma su koya wa nasu cewa ma'aurata ne suke da ikon fara fitar da hoton aurensu. Dattawa, kada mu yi wannan da tsawa, gama yaran nan ƙauna ce take tura su gaba. Mu nuna musu hanya, za su bi.

Ubangiji ya albarkaci gidajen da za a kafa a cikinmu a wannan shekara, ya ba 'ya'yanmu abokai masu riƙon amana. Amin.