Kafin A Fasa Dutse A Tambayi Mai Rijiya

A ƙasashen Turawa an daɗe ana tafka gardama a kan wata dabara ta fitar da iskar gas daga ƙarƙashin ƙasa. Ga yadda ake yi: a haƙa rami mai zurfin gaske har a tarar da wani dutse mai falle-falle, sa'an nan inji ya tunkuɗa ruwa mai yawa haɗe da rairayi da magunguna, dutsen ya tsattsage, iskar da ke maƙale a ciki ta fito. Amurka ta sami dukiya mai yawa ta wannan hanya, amma waɗansu manoma na kusa da ramukan suka yi ta kukan rijiyoyinsu sun ɓaci. A 2016 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta yarda cewa a waɗansu halaye aikin yakan taɓa ruwan sha. Faransa ta hana shi tun 2011, Ingila kuwa ta dakatar da shi a 2019 bayan ƙasa ta girgiza kusa da Blackpool.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa da wannan magana? Gaskiya ne ba a yin wannan aiki a can, dutsen yankin ma ba irinsa ba ne. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Abin da ya fi ɓata wa talakawan Turai rai shi ne an shigo musu da injuna ba a shawarce su ba, mu ma kuwa muna da namu haƙe-haƙen.

Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a Riruwai ta ƙasar Doguwa. Daga wannan sashe na kudu Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya zuba a madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Da ruwan nan ake noman rani a Kadawa da Kura, da shi kuma ake shayar da birnin Kano. Duk dattin da aka wanke a tudu, a tukunyar na gangare zai kwana. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a 2010.

Saboda haka muna roƙon hukuma abu uku. Na ɗaya, dokar 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki kafin a soma shi, to a riƙa karanta sakamakon da Hausa a ƙofar hakimi da dagaci, kowa ya ji. Na biyu, a auna ruwan rijiyoyi da rafuffuka tun ba a sa diga ba, don in ya ɓaci a san mai laifi. Na uku, kada a ba kowa izini sai ya nuna inda zai zubar da ruwan wankin ma'adini, da yadda zai cike ramuka.

Jama'a kuma muna jan kunnenku. Kada ku ƙi aiki don jita-jita, gama samarinmu suna bukatarsa. Amma kada ku niƙa dutse a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kada kuma ku sa hannu a takardar gona sai an karanta muku. Kuza takan ƙare, amma ƙishirwa kullum tana nan. Allah ya sa mu gane.