Gwanjo iri biyu: kujerun Italiya da darasin da ke ciki ga kafintocin Nima

Hausa na da kalma ɗaya, gwanjo, ga abubuwa biyu: tsofaffin kaya masu araha, da cinikin da mai tayi mafi tsoka ke ɗauka. Duk wanda ya bi titin Nima zuwa Maamobi ya san na farko, wato kujeru da tebura da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Turai, har da Italiya. Na biyun kuwa a New York da Paris ake yin sa, kuma can kuɗin suke.

A shekarar 2005, kamfanin Christie's ya sayar da wani teburin katako da gilashi kan dala miliyan 3.8. Mai zanen gine-gine ɗan Italiya, Carlo Mollino, ne ya tsara shi a 1949. Katakon da gilashin ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Abin da aka saya shi ne suna, da shekara, da shaidar gidan da aka yi wa teburin.

Kujerar Superleggera da Gio Ponti ya fitar a 1957 ta fi kusa da mu. Nauyinta kilo 1.7 ne kacal, kuma ya samo fasalinta ne daga kujerun da kafintocin garin Chiavari suka daɗe suna yi. Hikimar ta masu sana'a ce, amma sunan wanda ya gyara ta ya sa hannu ne duniya ta riƙe.

Makwabtanmu sun riga sun ɗanɗana wannan ciniki. A 2000, wani dillali Bafaranshe ya sayi gidajen ƙarfe da Jean Prouvé ya tsara, ɗaya a Yamai, biyu a Brazzaville, ya kwance su ya kai Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville kan kusan dala miliyan 5. Haka aka kwashi kujerun ofisoshin gwamnati na Chandigarh a Indiya, waɗanda aka jibge a matsayin tarkace.

Accra na cikin wannan haɗari. Gine-ginen zamanin Kwame Nkrumah sun ja hankalin duniya, har gidan tarihi na V&A a Landan ya shirya baje koli a kansu a 2024. Idan gini ya yi daraja, kayan cikinsa ma kan bi sahu. Tsohuwar kujerar odum ko mahogani da magada za su miƙa wa mai sayen tarkace kan 'yan sidi kaɗan na iya zama abin da dillali ke nema.

Wannan ba ya nufin kowace tsohuwar kujera dukiya ce. Yawancin na gwanjo kayan masana'anta ne. Amma kafin a sayar da kayan gado, a juya su a duba tambari, a ɗauki hoto, a tambayi dattawa wanda ya yi su da lokacin.

Babban aikin yana wuyan kafintocin Zango. Muddin suna kwaikwayon hotunan kujerun Italiya daga waya, farashi kawai za su yi gasa da shi, kuma gwanjo zai ci gaba da kayar da su. Wanda ya tsara nasa fasalin, ya buga sunansa da shekara a ƙarƙashin kujera, shi ne ya bar wa 'ya'yansa abin da za a iya tayawa gobe.