Tsokar Ƙoda Amana Ce, Ba Shara Ba

Ranar da za a ɗebi tsokar ƙoda, wato biyofsi, majinyaci yakan kwanta rub da ciki, a kashe masa fatar kwiɓi, likita ya zura doguwar allura yana bin hoton na'ura har ta kai ga ƙodar. Abin da ke fitowa siriri ne kamar zare, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Domin wannan ɗan zaren majinyacin zai kwanta sa'o'i ba motsi, wani ya yi fitsarin jini, wani ma, ko da yake ba kasafai ba, sai an yi masa ƙarin jini. Tsokar da aka samu da irin wannan kasada bai kamata a yi amfani da ita sau ɗaya sannan a bar sauran ya lalace ba. Asibitin da ke yin biyofsi ba tare da tsarin adana tsoka domin bincike ba, yana zubar da rabin amfanin wahalar da majinyacinsa ya sha.

A ƙa'ida, tsokar ana kasa ta uku. Kashi ɗaya a jefa shi cikin fomalin, a daskare shi cikin kakin farafin, a yanka shi siri-siri domin madubin likita. Na biyu a sanyaya shi domin gano ƙwayoyin garkuwar jiki da suka maƙale a matatun ƙodar. Na uku a sa shi cikin wani sinadari domin madubin lantarki. Duka ukun siffar cutar suke nunawa. Amma binciken zamani yana so ya san waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin ƙodar a daidai lokacin da cutar ke cin ta, kuma wannan bayani yana cikin RNA. Shi kuwa RNA ba ya jira. Da zarar tsoka ta rabu da jini ya fara lalacewa, fomalin kuma yana daddatsa shi, ya manne shi da furotin. Bari ya huce shi ke kawo rabon wani: shawarar adanawa ana yanke ta ne a cikin mintunan farko, a gefen gadon majinyaci.

Amfanin tsokar da aka adana ba zato ba ne. A 2009 masu bincike a Boston suka gano furotin PLA2R, wanda garkuwar jiki ke kai wa hari a yawancin masu wani nau'in ciwon matatun ƙoda da ke sa zubar furotin a fitsari. Yau ana gwada shi a jini. Bayan kamar shekara goma, masana a asibitin Mayo suka koma kan tsofaffin tsokokin da ke ajiye cikin farafin, suka gano wasu furotin ɗin, irin su NELL1, a jikin majinyatan da ba su da PLA2R. A 2017 Amurka ta ƙaddamar da wani babban shiri, KPMP, inda majinyata ke ba da tsokar ƙodarsu domin bincike, kuma a 2023 aka fitar da taswirar ƙwayoyin ƙodar ɗan Adam daga irin waɗannan tsokoki.

Afirka ta Yamma ta fi kowa buƙatar wannan aiki. A 2010 aka gano cewa wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gado ta APOL1, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda ƙwarai. A jikin baƙaƙen fatar Amurka aka gano su, alhali tushensu na nan Afirka. Binciken H3Africa da aka buga a 2024, kan mutum fiye da 8,000 a Najeriya da Gana, ya nuna kusan uku cikin goma na ɗauke da sauyin daga uwa da uba. Gwajin jini zai faɗi wanda ke ɗauke da shi, amma tsoka ce kaɗai ke nuna ɓarnar da yake yi a matatu. Haka kuma ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe: an daɗe ana zargin ruwa, ana zargin magungunan ƙwari da zafin rana. A Siri Lanka da Amurka ta Tsakiya, inda manoma ke fama da makamancinsa, biyofsi ne ya nuna cewa lahanin ya fi yawa a bututun ƙoda da naman da ke kewaye da su. Duk tsokar da ta lalace a Arewa, wata shaida ce ta salwanta.

Masu jan ƙafa suna da hujjoji uku. Ta farko, tsokar kaɗan ce, kuma gano cutar majinyaci shi ne kan gaba. Wannan gaskiya ne, ba a kuma taɓa ta. Ba a ƙara huda mutum domin bincike ba tare da yardarsa ta musamman ba. Abin da ake nema shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba zaren nan take, ya tabbatar akwai isassun matatu, kamar goma ko fiye, sannan a keɓe ragowar. In babu ragowa, shi ke nan.

Ta biyu, wutar lantarki. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da ruwan naitirojin ba kowane asibiti ke iya riƙe su ba. Amma akwai ruwan adanawa irin su RNAlater, da ke riƙe RNA kamar mako guda a digiri 25, wata guda a firji. Wannan ya isa a kai tsokar cibiya guda mai tsayayyar wutar sola. Firiza ɗaya da ake kula da ita ta fi goma da ke narkewa duk daren da man janareta ya ƙare. Tsofaffin kakin farafin kuwa kabad mai sanyi da littafin rajista kawai suke bukata.

Ta uku ita ce mafi nauyi: rashin yarda. Kano ba ta manta da gwajin Trovan na 1996 ba, kuma labarin Henrietta Lacks, wadda aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a 1951 ba da saninta ba, sananne ne. Maganin wannan tsoro shi ne doka da gaskiya. Najeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, da Dokar Lafiya ta 2014, da Dokar Kare Bayanai ta 2023. A yi wa majinyaci bayani da Hausa ko Kanuri, a raba takardar yardar bincike da ta magani, a tabbatar masa cewa ƙin yarda ba zai rage masa kulawa ba. A sauya sunansa da lamba. Kada tsoka ta ƙetare iyaka sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace wanda ya mallake ta da rabon masanan gida a sakamakon.

Gwamnonin da ke sayen injinan wankin ƙoda sun taimaka, amma wanki jinya ce ta ƙarshen cuta, ba ya faɗin dalilinta. Kuɗin inji ɗaya ko biyu zai kafa ma'ajiyar tsoka a asibitin koyarwa. Shugabannin asibitoci da ƙungiyar likitocin ƙoda ta ƙasa su fitar da ƙa'ida guda: a nemi yarda kafin allura, a rubuta mintin da tsoka ta fita da mintin da aka adana ta, a haɗa ta da samfurin jini da fitsari da tarihin majinyaci. Mutumin da ya kwanta rub da ciki ya riga ya biya nasa kason, saura na asibiti.