Mu Rubuta Sunayen Itatuwanmu Tun Masu Sani Na Raye

Makon jiya mun tsinko ganye iri goma, muka bi aji-aji muna tambayar sunayensu. Kowa ya gane dogonyaro da mangwaro. Da aka zo kan ɗinya, kanya da taura, sai ɗalibai suka shiga kallon juna. Baba mai gadi, wanda bai taɓa zaman aji ba, ya faɗi goman duka, har da ciwon da ake sha wa kowanne.

Wannan abin kunya ne gare mu masu karatun bayoloji. Duk shekara masana suna raɗa wa sababbin tsirrai kusan 2,000 suna a duniya. Amma "sabo" a wurinsu shi ne wanda bai shiga rajistar kimiyya ba, ko da mutanen wurin sun daɗe da saninsa. Kuka ta zama Adansonia digitata ne saboda Bafaranshe Michel Adanson da ya gan ta a Senegal a 1749. Ɗorawa kuwa, Parkia biglobosa, sunan Mungo Park ta ci. Ashe kakanninmu ba su sha miyar kuka da daddawa kafin zuwan waɗannan Turawa? Sun sha mana. Bambancin kawai, wasu sun rubuta, mu mun bar wa baki. Ko littafin sunayen tsirrai da Hausa na 1916, wani likita Bature ne, J. M. Dalziel, ya tattara shi.

Yau masu gawayi na sare itatuwa, tsofaffi na tafiya da saninsu, daji kuma ba ya shiguwa saboda rashin tsaro. Wa ya san abin da ke ɓacewa tsakanin Bakura da Maradun ba a rubuta shi ba?

Muna roƙon malamin bayoloji da shugaban makaranta su taimaka mana mu buɗe ma'ajiyar ganye, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. Ka tsinko reshe mai ganye da fure, ka shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida, ka danne da littattafai har ya bushe. Ka manna shi a kwali, ka rubuta sunansa, inda ka samo shi, da kwanan wata. Kada kowa ya shiga daji. Bakin gida, kasuwar Talata Mafara da gonakin Bakolori na kusa sun ishe mu farawa.

Kowa ya tambayi kakarsa suna biyar kafin Litinin. Da tsohuwar zuma ake magani.