Gyaran Gangar Auzinawa: Windows 11 da Kwamfutocin da Ba Su Lalace Ba

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, shekara goma bayan fitowarta a 2015. Shawarar da ya bai wa jama'a ita ce su koma Windows 11, wai kyauta ce. Wannan kalma ta "kyauta" ita ce abin da ya kamata mu tuhuma.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta shiga kowace kwamfuta. Tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a na'urorin Intel, ban da 'yan kaɗan, sai zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Laftof ɗin da aka ƙera a 2016, mai ƙarfi da sauri, wadda lauya ke rubuta takardun kotu da ita ko malamin jami'a ke haɗa sakamakon ɗalibai, an yanke mata hukuncin tsufa alhali ko maɓalli ɗaya bai lalace a jikinta ba.

Wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan ma bai tsira ba. Sabuntawa na iya barin mutum da firintar da ta daina amsawa, da sautin da ya ɗauke, da batirin da ke zuƙewa kafin azahar, saboda ƙananan manhajojin da ke haɗa waɗannan sassa da tsohon tsari ba su dace da sabon ba. Wannan ba zargi ba ne na iska. A Oktoban 2018 Microsoft da kansa ya janye wata sabuntawar Windows 10 bayan ta goge fayilolin wasu masu amfani da ita. Duk da haka, idan abu ya ɓaci, tambayar farko da ake jefa wa mai kwamfuta ita ce: "Me ya sa ba ka adana kwafi ba?" Wanda aka yi wa ɓarna shi ake ɗora wa laifi.

Masu kare kamfanin za su ce tsaro ne dalili, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A 2017 muguwar manhajar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba. To amma a duba yadda aka raba tsaron. Kamfanoni suna iya sayen ƙarin gyare-gyaren Windows 10 na shekara uku, har 2028. Wani nau'in Windows 10 na masana'antu zai ci gaba da samun kulawa har 2032. Mutum ɗaya mai laftof ɗinsa kuwa, shekara guda aka fara yanka masa, a kan dala 30 ko bisa wasu sharuɗɗa. Ashe gyaran yana nan ana yin sa. Abin da aka zaɓa shi ne wa za a ba, kuma nawa zai biya. Wannan lissafin kasuwa ne aka sa masa rigar tsaro.

Mu kuwa abin ya fi shafar mu, domin yawancinmu na hannu muke saya. Laftof ɗin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama saboda ba ta ɗaukar Windows 11, ita ce za ta sauka Ikeja, ta iso titin Beirut a Kano, a goge ta tas a ce "sabuwar shigowa". Mai gyara zai iya tura mata Windows 11 ta bayan gida, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan kwamfuta ba. Ga kuɗin data, ga wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka kada kunyar "zama a baya" ta tura ka latsa maɓalli. Kafin ka sayi laftof, tambayi zubin na'urarta. Kafin ka sabunta, kwafe aikinka a wani wuri, kuma ka sani kwana goma kawai Windows ke ba ka na komawa tsohon tsari. Idan kwamfutarka ba ta cancanta ba, Ubuntu da Linux Mint suna aiki a kanta ba tare da ko kwabo ba. Jami'o'i da ma'aikatunmu kuma, waɗanda ke sayen kwamfutoci da ɗaruruwa, su daina sa hannu a kwangila sai an rubuta musu shekarun da za a ci gaba da kula da abin da suka saya. Kayan da aka biya kuɗinsa, mai shi ne ya kamata ya faɗi ranar da ya tsufa.